Harshen Kilingon: Darasin Farko a Kan Nahawunsa da Ginin Jimlarsa

Gabatarwa

Masana ilimin halittu suna da wata daɗaɗɗiyar al'ada. Idan suna son gano wata ƙa'ida mai faɗi, sai su nemi 'yar halitta mai sauƙin sarrafawa su ɗora bincikensu a kanta. Gregor Mendel ya shafe shekarun 1856 zuwa 1863 yana haɗa barbarar wani irin wake a lambun gidan ibada da ke garin Brno, kuma daga siffofi 7 na waken nan ya fito da ƙa'idojin gadon kamanni da ake koyarwa a kowace sakandare a yau. Haka nan a wajejen 1910 Thomas Hunt Morgan ya yi amfani da ɗan ƙudan nan mai bin ruɓaɓɓun 'ya'yan itace ya nuna inda ƙwayoyin gado suke zaune a cikin ƙwayar halitta. An zaɓi wake da ƙuda ne domin abin da ake nema ya fi fitowa fili a jikinsu.

Nazarin harshe ma yana bukatar irin wannan halitta ta gwaji, domin harshen da aka haifi mutum a cikinsa yakan ɓoye masa ƙa'idojinsa. Bahaushe yana cewa "yaro ya ci tuwo" tun yana ɗan shekara 3, amma da wuya ya taɓa tambayar abin da ya sa yaro ya zo a farko, tuwo ya zo a ƙarshe. Ɗalibai da dama sukan haddace ma'anar aikau da karɓau domin jarrabawa, su mance bayan mako guda, saboda ba su taɓa ganin abin da zai auku in an sauya wa waɗannan sassa mazauni ba. Harshen Kilingon ya dace da wannan gwaji matuƙa. Mutum ɗaya ne ya ƙera shi, ƙa'idojinsa a rubuce suke, togaciyarsu kaɗan ce, kuma da gangan aka gina shi ya saɓa wa abin da yawancin harsunan duniya suka saba. Manufar wannan darasi ita ce mai karatu ya iya warware jimlar Kilingon, ya gina tasa, sa'an nan ya waiwayi Hausa da sabon ido.

Asalin harshen

A shekarar 1966 aka fara nuna wasan talabijin mai suna Star Trek a Amurka, wanda Gene Roddenberry ya ƙirƙiro. Labarin wasu matafiya ne cikin jirgin sararin samaniya, kuma a 1967 aka shigo da wata ƙagaggiyar al'umma ta mayaƙa da ake kira Kilingon. Da farko Ingilishi suke yi. A fim ɗin 1979 ne aka fara jin su da harshensu, cikin 'yan kalmomin da ɗan wasa James Doohan ya shirya. Da aka zo fim na uku, wanda ya fito a 1984, sai kamfanin Paramount ya ɗauki wani masanin harsuna, Marc Okrand, ya mai da waɗancan 'yan kalmomi cikakken harshe mai nahawu.

Okrand ya sami digirinsa na uku a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a 1977, inda ya rubuta nahawun Mutsun, ɗaya daga cikin harsunan 'yan asalin Kalifoniya. Ƙamusunsa, The Klingon Dictionary, ya fito a 1985, aka faɗaɗa shi a 1992. A 1992 ɗin ne kuma Lawrence Schoen ya kafa cibiyar nazarin harshen. An buga fassarar wasan Hamlet na Shakespeare cikin Kilingon a 1996, an gabatar da wasan waƙe cikinsa a birnin Heg na ƙasar Holan a 2010, kuma manhajar Duolingo ta fara koyar da shi a 2018. Masu harshen suna kiran sa tlhIngan Hol.

Sautuka da rubutu

Da yake 'yan Adam ne za su furta harshen a gaban kyamara, dole kowane sauti ya zama wanda leɓe, harshe, ganɗa, beli da maƙogwaron mutum za su iya samarwa. Saboda haka Okrand bai ƙago sauti ko ɗaya ba. Abin da ya yi shi ne tattaro sautukan da ba a saba samun su tare a harshe guda ba. Akwai baƙaƙe 21 da wasula 5:

b ch D gh H j l m n ng p q Q r S t tlh v w y '
a e I o u

Babban harafi a nan alamar sauti ce, don haka ba a fara jimla da babban baƙi, ba a kuma sauya girman harafi yadda aka ga dama. Bambancin q da Q kamar na k da ƙ ne a rubutun Hausa. Yadda kafa ta bambanta da ƙafa, haka qaH, wato ranka ya daɗe, ta bambanta da QaH, wato taimaka.

Ɗalibin da ya yi karatun allo ya riga ya san uku daga cikin sautukan da ke wahalar da Turawa: q daidai take da ƙaf ta Larabci idan an furta ta daga beli, gh kamar gain ce, H kuma kamar kha. Ita Q ana fara ta kamar q, sai a sake ta da kakkaurar zuzar iska. Harafin ch shi ne c na Hausa. Ana furta D da S da kan harshe a naɗe zuwa ganɗa, kuma kada a ɗauki D a matsayin ɗ. Sautin ng shi ne wanda Bahaushe yake yi a ƙarshen nan da can, sai dai a Kilingon yana iya fara kalma, kamar ngeD, mai sauƙi. Sautin tlh kuwa, a ɗora harshe inda ake furta t, sa'an nan a saki iska da ƙarfi ta gefensa.

Alamar ' hamza ce, irin ta cikin sa'a da ma'ana, kuma cikakken baƙi ce da ba a yar da ita. Kalmomin Hausa irin su ido da uwa da hamza suke farawa a furuci, sai dai rubutun boko ba ya nuna ta a farkon kalma. Kilingon yana nunawa: 'Iw, jini. Babu karin sauti a harshen, babu kuma bambancin dogon wasali da gajere. Yawancin gaɓoɓinsa baƙi ne da wasali da baƙi, saboda haka a kiyayi ƙara wasali a ƙarshe: paq ake cewa, ba paqi ba.

Ƙa'ida ta farko: karɓau, aikatau, aikau

A jimlar Hausa aikau ne yake fara zuwa, wato wanda ya yi aikin, sai aikatau, sai karɓau, wato wanda aikin ya faɗa wa. Kilingon ya juya wannan tsari baki ɗaya: karɓau a farko, aikatau a tsakiya, aikau a ƙarshe. Wani babban nazari da Matthew Dryer ya yi a kan harsuna fiye da 1,300 ya sami 11 kacal masu wannan tsari. Mafi shahara cikinsu shi ne Hishkaryana na ƙasar Birazil, wanda Desmond Derbyshire ya bayyana wa duniya a shekarun 1970. Ƙarancin tsarin ne ya sa Okrand ya zaɓe shi.

Sarƙar abinci ta darasin ilimin halittu za ta bayyana lamarin. Kalmar Sop tana nufin ci, ghew ƙwaro, ghotI' kifi, bo'Degh tsuntsu, loD namiji.

ghew Sop ghotI' : Kifi ya ci ƙwaro.
ghotI' Sop bo'Degh : Tsuntsu ya ci kifi.
bo'Degh Sop loD : Mutum ya ci tsuntsu.

Wanda ya karanta waɗannan jimloli da tunanin Hausa zai kifar da sarƙar, ya sa ƙwaro ya ci kifi, kifi ya ci tsuntsu. Babu wata alama a jikin sunayen da ke nuna maci da abin ci, mazauni ne kaɗai yake nunawa. Haka abin yake a Hausa ma, domin tsakanin "kura ta ci akuya" da "akuya ta ci kura" babu bambanci sai na mazauni. Dabarar mai koyo ita ce ya fara neman aikatau, ya duba damarsa ya ga mai aiki, ya duba hagunsa ya ga wanda aka yi wa.

Mallaka ma a juye take. Hausa tana fara kawo abin da aka mallaka, ta ce littafin yaro. Kilingon yana fara kawo mai abu: puq paq, inda puq yaro ne, paq littafi. Sunan harshen kansa haka aka gina shi, domin Hol ita ce harshe.

Ɗafa-goshin aikatau

Aikatau shi ne zuciyar jimlar Kilingon, kuma shi kaɗai yana iya zama cikakkiyar jimla. A Hausa lamirin suna, wato na, ka, kin, ya, ta, mun, kun, sun, yana zuwa gaban aikatau ya nuna mai aiki. A Kilingon ɗafa-goshi ne yake wannan aiki. Idan babu karɓau, ga yadda Qong, yin barci, take kasancewa:

jIQong : na yi barci
bIQong : ka yi barci, ko kin yi barci
Qong : ya yi barci, ta yi barci, ko sun yi barci
maQong : mun yi barci
SuQong : kun yi barci

Abubuwa biyu ne abin lura. Na farko, harshen bai san jinsi ba, bI ta ɗauki ka da kin gaba ɗaya. Na biyu, rashin ɗafa-goshi ma alama ce, ta mutum na uku.

Idan akwai karɓau, ɗafa-goshi guda ne yake nuna mai aiki da wanda aka yi wa a lokaci ɗaya. Ga misalai da legh, gani:

qalegh : na gan ka
cholegh : ka gan ni
vIlegh : na gan shi, ko na gan su
Dalegh : ka gan shi, ko ka gan su
mulegh : ya gan ni, ko sun gan ni
Dulegh : ya gan ka
nulegh : ya gan mu, ko sun gan mu
wIlegh : mun gan shi
DIlegh : mun gan su
lulegh : sun gan shi

Ɗafin lu shi ne wanda masu koyo suka fi mantawa. Ana sa shi idan masu aiki da yawa ne, karɓau kuma guda ɗaya. Da laD, karanta, ana cewa paq lulaD puqpu', yara sun karanta littafi guda. In aka cire lu, jimlar ta koma nufin littattafai da yawa.

Ɗafa-ƙeyar aikatau

Bayan saiwar aikatau akwai gurabe 9 a jere, kuma kowace ɗafa-ƙeya tana da gurbinta. Ba dole ne a cike dukkan guraben ba, amma ba a sa biyu a gurbi guda, ba a kuma saɓa jerin. Ya yi kama da fure, wanda sassansa suke jere daga waje zuwa ciki: wani furen yana iya rasa wani sashe, amma waɗanda suke nan ba sa musayar wuri.

1. Kai da juna: 'egh kai, chuq juna. maleghchuq, mun ga juna.
2. Niyya: nIS bukata, qang yarda, rup shiri, vIp tsoro. jIQongnIS, ina bukatar barci.
3. Sauyi: choH farawa, qa' sakewa. SopchoH, ya fara ci.
4. Sanyawa: moH. ghoj koya, ghojmoH koyar.
5. laH iyawa, lu' aikau da ba a ambata ba, kamar an a Hausa. vIlaDlaH, zan iya karanta shi.
6. Tabbaci: chu' sarai, bej babu shakka, law' da alama, ba' a fili yake.
7. Yanayin aiki: pu', ta', taH, lI'.
8. Girmamawa: neS.
9. Alaƙar jimla: chugh idan, DI' da zarar, pa' kafin, mo' saboda, meH domin, bogh wanda, 'a' tambaya, wI' mai yi.

Biyu daga cikin waɗannan suna da 'yan'uwa a Hausa. Ɗafin moH yana aikin da ar take yi a ci da ciyar, koya da koyar. Ɗafin wI' kuma yana aikin ma ta marubuci da manomi. Daga ghoj ake samun ghojwI', ɗalibi, daga ghojmoH ake samun ghojmoHwI', malami.

Yanzu sai a feɗe doguwar kalma kamar yadda ake feɗe kwaɗo a ɗakin gwaji. A ɗauki mayajchuqchoHlaHchugh. A goshi akwai ma, mu. Saiwa ita ce yaj, fahimta. Sai chuq ta gurbi na 1, choH ta gurbi na 3, laH ta gurbi na 5, chugh ta gurbi na 9. Ma'anarta: idan za mu iya fara fahimtar juna. Kalmomi 7 na Hausa sun dunƙule cikin guda.

Akwai wasu ɗafe 4 da ba sa cikin wannan jeri. Ɗafin be' na korewa ne, kuma yana bin abin da ya kore kai tsaye. Don haka vIlaDqangbe' na nufin ban yarda in karanta shi ba, vIlaDbe'qang kuwa na nufin na yarda kada in karanta shi. Ɗafin Qo' na hani ne ko ƙi. Ɗafin qu' na ƙarfafawa ne, kamar ƙwarai. Ɗafin Ha' yana warware aiki ko ya nuna an yi shi ba daidai ba, kuma kullum yana manne da saiwa: lob bin umurni, lobHa' saɓa umurni, yajHa' gurguwar fahimta.

Gurbi na 6 ya cancanci kulawar ɗalibin kimiyya. Kalmar rop tana nufin rashin lafiya. Wanda ya ga yaro yana rawar sanyi zai ce roplaw' puq, da alama yaron ba shi da lafiya. Wanda ya auna jininsa ya ga ƙwayar cuta shi ne yake da ikon cewa ropbej puq. Rarrabe zato da tabbas ita ce tarbiyyar farko a kimiyya, kuma a nan nahawu ya tanadar mata gurbi na musamman.

Lokaci

Aikataun Kilingon ba ya nuna jiya ko gobe. Kalmomin lokaci ne suke nunawa, kuma a farkon jimla suke zama: wa'Hu' jiya, DaHjaj yau, wa'leS gobe. Saboda haka wa'Hu' paq vIlaD, jiya na karanta littafi, wa'leS paq vIlaD, gobe zan karanta littafi. Abin da gurbi na 7 yake nunawa shi ne ko aiki ya kammala ko yana gudana. Ɗafin pu' na aikin da ya kammala ne, ta' na wanda aka yi niyya kuma aka cim ma, taH na wanda yake ta gudana, lI' na wanda yake gudana zuwa wata sananniyar iyaka.

Wannan ba baƙon abu ne ga Bahaushe ba. Idan direba ya ce "gobe war haka mun isa Kano", ya yi amfani da mun ga abin da bai auku ba tukuna, domin kammaluwar tafiyar yake nufi. Haka wa'leS paq vIlaDpu' take, wato gobe na riga na gama karanta littafin.

Suna da gurabensa 5

1. Girma: 'a' babba, Hom ƙarami. be' mace, be'Hom yarinya.
2. Jam'i: pu', Du', mey.
3. Tabbaci: qoq wai, Hey da alama, na' na haƙiƙa.
4. Mallaka da nuni: wIj nawa, lIj naka, Daj nasa, maj namu, raj naku, chaj nasu, vam wannan, vetlh wancan.
5. Alaƙa: Daq a ko zuwa, vo' daga, vaD domin, mo' saboda, 'e' jaddadawa.

Jam'in Hausa yana da siga da yawa, kamar gidaje, yara, littattafai, hannaye, kuma sai an haddace. Na Kilingon uku ne, bisa wani rabe-rabe na halittu. Masu iya magana suna ɗaukar pu': puqpu', yara. Sassan jiki suna ɗaukar Du': mInDu' idanu, ghopDu' hannaye. Duk sauran abubuwa suna ɗaukar mey: Sormey itatuwa, ghotI'mey kifaye, paqmey littattafai. Carl Linnaeus, a littafinsa na 1735, ya raba abubuwa gida uku, dabbobi, tsirrai da ma'adinai, ya kuma sa mutum cikin dabbobi. Kilingon ya ja nasa layin a kan magana, ya haɗa kifi da littafi a aji guda. Wannan yana tuna wa ɗalibi cewa kowane rabe-rabe yana tsaye ne a kan ma'aunin da mai rabon ya zaɓa.

Layin nan ya ratsa mallaka ma. Ga masu magana ana cewa wI', lI', ma', ra' maimakon wIj, lIj, maj, raj. Littafina paqwIj ne, mahaifina kuwa vavwI'. Wanda ya ce vavwIj ya mai da mahaifinsa kaya, kuma cin mutunci ne.

Gurbi na 3 yana da amfani irin na gurbi na 6 na aikatau. Qel likita ne, Qelqoq kuwa wai shi likita. Murjani a ƙarƙashin teku yana kama da tsiro, sai mai kallo ya kira shi tIHey, abin da ake zaton tsiro ne, alhali bincike ya tabbatar Ha'DIbaHna' ne, dabba ta haƙiƙa. Idan aka cike guraben 5 duka, ana samun irin paqHommeyna'majDaq, wato a cikin ƙananan littattafanmu na haƙiƙa.

Sifa, da ne da ce

Harshen ba shi da ajin sifa. Aikatau ne yake ɗaukar nauyinta: tIn zama babba, mach zama ƙarami, QaQ zama mai kyau. Idan ya zo gaban suna, jimla ce: tIn Sor, itacen babba ne. Idan ya bi bayan suna, siffantawa ce: Sor tIn, babban itace.

Babu kuma kalma mai aikin ne da ce. Wakilin suna ne yake tsayawa a wurin: jIH ni, SoH kai ko ke, ghaH shi ko ita, 'oH shi ga marar magana, maH mu, tlhIH ku, chaH su, bIH su ga marasa magana. Sai a ce ghojwI' jIH, ni ɗalibi ne. In an ambaci aikau da sunansa, sai ya zo ƙarshe da 'e': ghojmoHwI' ghaH vavwI''e', mahaifina malami ne.

Tambaya, umurni da haɗa jimloli

Tambayar i ko a'a da 'a' ake yin ta: bIyaj'a', ka fahimta? Amsa ita ce HIja', i, ko ghobe', a'a. Kalmomin nuq, me, da 'Iv, wa, suna zama a gurbin da amsa za ta zauna: nuq Sop puq, me yaro ya ci? Soj Sop 'Iv, wa ya ci abinci? Su kuwa ghorgh yaushe, qatlh don me, chay' yaya, nuqDaq ina, a farkon jimla suke zuwa.

Umurni yana da nasa ɗafa-goshin: yISop ci, peSop ku ci, paq yIlaD karanta littafin, paqmey tIlaD karanta littattafan, HIQaH taimake ni, yIQongQo' kada ka yi barci.

Hausa tana haɗa sunaye da da, ta haɗa jimloli da kuma. Kilingon ma ya raba su. Mahaɗin sunaye je ne, kuma bayansu yake zuwa: vav SoS je, uba da uwa. Mahaɗin jimloli 'ej ne, yana zama tsakani: jISop 'ej jIQong, na ci abinci kuma na yi barci. Amma ita ce 'ach. Sharaɗi kuwa da chugh ake yin sa: bIghojchugh bIQap, idan ka koya za ka yi nasara.

A ƙirga, 1 zuwa 10 su ne wa', cha', wej, loS, vagh, jav, Soch, chorgh, Hut, wa'maH. Adadi yana zuwa gaban suna, kuma in ya zo ba dole ne a sa ɗafin jam'i ba: wej paq, littattafai 3.

Gaisuwa ita ce inda al'adun biyu suka fi nisa da juna. Bahaushe yakan tambayi kwana da gajiya da iyali da aiki kafin ya faɗi abin da ya kawo shi. An tsara 'yan Kilingon a matsayin mayaƙa marasa kewaye-kewaye, saboda haka abin da ya fi kusa da gaisuwa a wurinsu shi ne nuqneH, me kake so? Wajen sallama sukan ce Qapla', wato nasara.

Matakan gina jimla

A ɗauki wannan jimla: Jiya yara sun ga malaminsu a makaranta. Mataki na 1, a nemo aikatau: legh. Mataki na 2, a tantance mai aiki da wanda aka yi wa: yara da yawa, malami ɗaya, saboda haka lulegh. Mataki na 3, a gina sunaye: puqpu', ghojmoHwI'chaj, da DuSaQDaq, domin DuSaQ makaranta ce. Mataki na 4, a jera: lokaci, wuri, karɓau, aikatau, aikau.

wa'Hu' DuSaQDaq ghojmoHwI'chaj lulegh puqpu'

Mataki na 5, a sake karantawa daga dama zuwa hagu a ga ko mai aikin da aka nufa shi ne ya fito. Malami yana iya rubuta saiwoyi da ɗafe a kan ƙananan katuna masu launi daban-daban, ɗalibai su riƙa jerawa a kan tebur. Da zarar sun saba, sai a ba su jimlolin Hausa su yi musu irin wannan fiɗar, su nuna aikau da lamiri da aikatau da karɓau.

Aikin gwaji

Ƙarin kalmomi: bIQ ruwa, tlhutlh sha, juH gida, Soj abinci, SoS uwa.

A fassara zuwa Hausa:
1. bIQ tlhutlh be'Hom
2. juHDaq maQong
3. wa'Hu' ghojmoHwI'ma' wIlegh
4. choyaj'a'
5. Soj luSopbe' puqpu'

A fassara zuwa Kilingon:
6. Uwa ta ga yaro.
7. Gobe zan karanta littafinka.
8. Ba za mu iya barci ba.
9. Kifaye sun ga tsuntsu guda.
10. Mu ɗalibai ne.

Kammalawa

Babu wata al'umma a doron ƙasa da Kilingon yake harshen uwa gare ta, amma yana da ƙamus da nahawu da cibiya da fassarar adabi, domin wasu mutane sun zauna sun yi masa aiki. Shi kuwa Mutsun, wanda Okrand ya yi digirinsa a kai, mace ta ƙarshe da ta iya shi sosai, Ascención Solórsano, ta rasu a 1930. Abin da John Peabody Harrington ya rubuta daga bakinta kafin rasuwarta yana cikin abin da Okrand ya dogara a kai, kuma da irin waɗannan rubuce-rubuce ne zuriyar masu harshen suka shiga ƙoƙarin farfaɗo da shi. A Nijeriya akwai harsuna fiye da 500, kuma wasu sun riga sun shuɗe, kamar Ajanci na ƙasar Bauci, wanda masu shi suka koma Hausa a farkon rabin ƙarni na 20. Masanin halittu ya san cewa nau'in da ya ƙare ba a adana samfurinsa ba ya tafi ke nan da dukkan abin da za a koya daga gare shi.

Ɗalibin da ya iya feɗe mayajchuqchoHlaHchugh ya mallaki kayan aikin da ake bukata: ya saurara, ya rubuta, ya raba saiwa da ɗafi, ya tsai da ƙa'ida, ya gwada ta da sabon misali. In akwai wata kaka a gidansu mai jin wani harshe da jikoki ba sa ji, to littafin rubutu da alƙalami sun isa a fara. Da koyo akan iya.

Amsoshi

1. Yarinya ta sha ruwa.
2. Mun yi barci a gida.
3. Jiya mun ga malaminmu.
4. Ka fahimce ni?
5. Yara ba su ci abinci ba.
6. puq legh SoS
7. wa'leS paqlIj vIlaD
8. maQonglaHbe'
9. bo'Degh lulegh ghotI'mey
10. ghojwI'pu' maH